Ga mai shirin zuwa Injamena da aikinsa a kwamfuta

Salamu alaikum 'yan uwa. Malam da ya yi tambaya jiya kan yadda zaman Injamena, babban birnin Cadi, yake ga mai aiki a kwamfuta, ga abin da wata takwas ya koya min a nan.

Kafin katifa ma, nemi sola da batir. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, wuta kuma sai ta ga dama. Ni da asuba nake fara aiki, kafin azahar na rufe kwamfuta. Ka riƙe layi biyu, in ɗaya ya yi nauyi ka koma ɗayan. Agogo ɗaya muke da Kano, taronka ba zai rikice ba.

Abinci kuwa, kada ka damu. Tuwonmu ne suke kira "esh", da miyar kuɓewa, zoɓo kuma "karkanji". Amma kisra ce ta kama ni: 'yar siririya, mai ɗan tsami, kamar sinasir da aka shimfiɗa har ya yi laɓa-laɓa. Haɗa ta da kifin kogin Shari, ka ba ni labari. Makon farko dai a ci a hankali, cikina ya sha wuya.

Koyi ƙirgen sefa da Larabcin Cadi kafin ka shiga kasuwar Dembe.