Kurakuran da mutanenmu ke yi wajen bincike a filayen jirgin Amurka

Tun da aka kafa hukumar TSA, mai binciken matafiya a filayen jirgin Amurka, a 2001 bayan harin 11 ga Satumba bincike ya tsananta, mu kuma abin ya ƙara zafi bayan Umar Farouk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tada bam a jirgin Amsterdam zuwa Detroit a Disambar 2009, har a farkon 2010 aka sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake wa matafiyansu binciken musamman a wancan lokacin. Tsoron nan ya sa da yawanmu mun ɗauka ba mu da ta cewa, kuma wannan shi ne babban kuskuren.

Na taɓa ganin wata Hajiya jiki na rawa tana ƙoƙarin cire hijabi a gaban layi alhali ba wanda ya ce ta cire, wallahi abin ya tsaya min a rai. Hajiya, kina da damar cewa mace ce za ta taɓa ki, a ɗaki na daban, kuma ki shiga da wanda kika yarda da shi. Injin nan mai ɗaukar hoton jiki ma galibi ana iya cewa ba a so, sai a laluba mutum da hannu.

Wasu kuma da sun ga SSSS, alamar cewa za a yi musu ƙarin bincike, a takardar shiga jirgi kowace tafiya sai su ce ƙaddara ce su yi shiru. A'a fa, wani lokacin sunanka ne kawai ya yi kama da na wani. Ka cike DHS TRIP, fom ɗin koken matafiya na ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka, a intanet, za su ba ka lamba ka riƙa sa ta duk sanda za ka sayi tikiti.

Ɓoye kuɗi ma kuskure ne. Ɗaukar sama da dala 10,000 ba laifi ba ne, rashin faɗa ne ke sa a ƙwace. Kilishi kuwa a bar shi a gida, in ka riga ka ɗauko ka faɗa kafin su gano.

Waya ce abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, don jami'an shige da fice na iya buɗe ta ba tare da izinin kotu ba, kuma mai biza in ya ƙi ana iya maida shi gida. Kada ka tsaya musu a wurin, tun daga gida ka rage hotunan iyali da hirarrakin da ba ka so baƙo ya karanta.