Darasi na 12: Kuɓucewar Fitsari Lokacin Tari da Aikin Sa Majanyi

Akwai matan da ba sa sakin jiki su yi dariya a cikin taro, ba sa kuma son zama bisa tabarmar mutane a gidan biki ko suna, ba don girman kai ba, sai don tsoron kada fitsari ya kuɓuce musu. In suka yi tari ko atishawa, ko suka ɗaga bidon ruwa zuwa ka, sai su ji fitsari ya zubo ba da sonsu ba. Wata ɗigo biyu ne, wata kuwa har zane ya jiƙe. Da yawa suna ɗaukar abin a matsayin rabon duk macen da ta hayayyafa, shi ya sa sai su ninka tsumma su sa, su rage shan ruwa, su yi shiru.

Tun da farko a raba wannan larura da yoyon fitsari, domin a nan jihar Tawa da zarar an ce fitsari yana zubar wa mace, hankalin kowa can yake tafiya. Yoyon fitsari huda ce tsakanin mafitsara da farji, wadda galibi doguwar naƙuda take haddasawa, kuma mai shi tana zuba dare da rana, ko tana zaune ko tana barci. Ita kuwa wadda muke magana a kanta, mafitsararta ba ta huje ba. Tana kwana a bushe, tana kuma iya riƙe fitsari har ta kai bayan gida, sai dai in wani abu ya matsa cikinta farat ɗaya. Akwai kuma kashi na uku, wato macen da fitsari yake matsa mata kwatsam har ya zubo kafin ta ɗauki buta. Ita magani da horar da mafitsara take bukata, ba aikin da za mu bayyana ba.

Fitsari yana taruwa a mafitsara, ya fita ta wani gajeren bututu wanda a jikin mace bai wuce kimanin santimita 4 ba. Ƙarƙashin wannan bututu akwai nama da jijiyoyi da suka shimfiɗu a ƙasan ƙugu suna tallafe da mafitsara da mahaifa. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu ya san cewa in tiyo yana bisa ƙasa mai tauri aka taka shi, ruwa yana tsayawa nan take, amma in yana bisa yashi mai laushi sai ya nutse ƙarƙashin ƙafa, ruwa ya ci gaba da wucewa. Haka abin yake a jiki. Lokacin tari, ciki yana danna bututun. In shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa tana da ƙarfi sai ya matse ya rufe, in kuwa ta saki sai ya sauka ƙasa fitsari ya sami hanya. Abin da yake sa ta saki sananne ne: haihuwa bisa haihuwa, jariri mai girma, naƙuda mai wuya, ɗaukewar haila, ƙiba, tarin da ya daɗe, yawan nishi saboda taurin bayan gida, da shekarun da mace ta kwashe tana daka, tana jan guga, tana ɗaukar itace.

Ba da wuƙa ake farawa ba. Mataki na farko shi ne motsa naman nan har ya yi ƙarfi, dabarar da wani likitan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948. Mace za ta matse gabanta da duburarta ciki kamar mai riƙe tusa a cikin mutane, ta ƙirga a hankali, sannan ta saki, ba tare da ta riƙe numfashi ko ta matse cinyoyi ba. Ana so ta yi aƙalla sau 8 a jere, sau 3 a yini, har tsawon wata 3 kafin a ce ya yi amfani ko bai yi ba. Ba ya bukatar kuɗi ko tafiya, kuma tana iya yinsa tana tsintar shinkafa ba wanda ya sani. Rage shan ruwa kuwa kuskure ne, balle a zafin bazara, domin fitsari yana yin kauri ya riƙa damun mafitsara.

In an yi wannan da gaske abin bai sauya ba, nan ne ake maganar aiki. Mace ta fara zuwa asibitin da ya fi kusa da ita, ta faɗa wa ungozomar asibiti kai tsaye: "Malama, in na yi tari fitsari yana zubo mini, amma da dare ba na jiƙa shimfiɗa." Wannan jimla ɗaya ta riga ta yi rabin bincike. Daga nan za a iya tura ta cibiyar uwa da yaro ta Tawa, ko Yamai inda akwai asibitin haihuwa na Issaka Gazobi da cibiyar ƙasa ta masu yoyon fitsari. Likita zai auna fitsari don ganin ko akwai ƙwayoyin cuta, ya sa ta yi tari mafitsara tana cike ya ga zubar da idonsa, in kuma yana shakka ya zuba ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara ya duba ko akwai ƴar huda da ta ɓoye.

Likitocinmu suna kiran abin da ake sawa a wannan aiki bandalet, da Faransanci. Mu a wannan darasi mun kira shi majanyi, domin aikinsa ɗaya ne da majanyin da uwa take ɗaurawa ƙarƙashin goyo don kada yaro ya zame. Siririn ƙyalle ne, faɗinsa kimanin santimita 1, da ake ratsawa ƙarƙashin bututun fitsari. Ba toshe hanya yake yi ba, ba kuma ɗaure ta yake yi tamau ba. Yana kwance ne sako-sako, sai lokacin da tari ya danno bututun ya tarar da abin da zai tokare shi.

Majanyin iri biyu ne. Akwai na saƙar zaren roba, wanda ake sawa ta ɗan yanka a cikin farji. Ulf Ulmsten na ƙasar Suwidin ne ya bayyana hanyar fito da bakinsa biyu ta saman mara a 1996, sannan a 2001 Emmanuel Delorme na Faransa ya kawo hanyar fito da su ta matsematsi. Aikin yakan ɗauki wajen rabin awa, sau da yawa da allurar ƙashin baya, mace tana farke amma ba ta jin zafi. Kusan mata 8 cikin 10 suna warkewa ko su sami sauƙi mai yawa. Iri na biyu daga jikin macen ake samunsa: likita yana yanko wata farar tantani mai ƙarfi da ke lulluɓe da naman ciki ko na cinya, ya yi majanyi da ita. Wannan ya fi ɗaukar lokaci, jinyarsa ma ta fi tsawo tun da akwai yanka biyu, amma ba a bar baƙon abu a jiki ba.

Bambancin nan yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasarmu. Akwai matan da aka ɗinke musu yoyon fitsari, hudar ta rufe sarai, amma fitsari bai daina zuba ba saboda bututun kansa ya raunana. Naman irin waɗannan mata ya yi tabo ya yi siriri, roba tana iya cin sa ta ɓullo, don haka likitocin da suka ƙware a wannan fanni sun fi yi musu majanyi da naman jikinsu. Ko ga sauran mata ma robar ba ta rasa aibi ba: wasu ta fito musu ta cikin farji, wasu ta bar su da ciwon mara ko na cinya mai daɗewa, kuma cire ta bayan nama ya kama ta aiki ne mai wuya. Koke-koken mata a kan haka ne suka sa aka dakatar da sa ta a asibitocin Ingila a watan Yuli na 2018, ko da yake ƙasashe da yawa suna ci gaba da amfani da ita. A ganinmu, macen da za a yi wa aiki tana da haƙƙin ta tambayi likita wane iri zai sa mata da dalilin zaɓinsa, kuma tambayar ba rashin kunya ba ce. Ta kuma faɗi gaskiya in tana son ƙarin haihuwa, domin ciki da naƙuda suna iya warware aikin, shi ya sa ake son a jinkirta har ta gama.

Bayan aiki, wata takan kasa fitar da fitsari na ƴan kwanaki, sai a sa mata ɗan tiyon fitar da fitsari har kumburi ya sauka. Sauran jinyar kuwa a gida take, kuma a nan ne maigida da uwar miji da abokiyar zama suke da nasu aikin. Har tsawon mako 6 ba daka, ba jan ruwa, ba ɗaukar bido ko goyon babban yaro, ba kuma kwanciyar aure, domin a cikin waɗannan makonni ne nama yake kama majanyin ya zauna a wurinsa. Ya kyautu tun kafin a tafi asibiti a san wadda za ta karɓi turmi da guga. In zazzaɓi ya taso, ko jini ya yi yawa, ko ruwa mai wari yana fita, ko mara ta cika fitsari ya ƙi fita, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa don samun mota.