Yadda Za Ku Taimaki Yaronku a Zangon Farko na Ƙaramar Sakandare

Yaron da ya gama firamare ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a watan Satumba yakan tarar da duniyar da ba ta yi kama da wadda ya baro ba, domin a can malami ɗaya ne ya san shi ciki da waje, a nan kuwa kowane darasi da malaminsa, kuma kowane malami yana shigowa da nasa salon da nasa littafin rubutu. A ra'ayina, makonnin da ke tsakanin Satumba da Disamba su ne suka fi bukatar idon iyaye a cikin shekaru ukun nan da ke ƙarewa da jarrabawar BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, saboda abin da ake koyarwa a cikinsu shi ne tubalin da za a ɗora sauran ginin a kansa.

Ku fara da littattafan rubutunsa. Ko da uwa ko uba ba su yi zurfi a boko ba, za su iya buɗe littafi su duba ko an rubuta kwanan wata a kowane darasi, ko akwai shafukan da aka bari babu komai, ko jan biron malami ya bi ta kan aikin. Littafin da ya yi mako biyu ba a ƙara masa layi ba yana nuna ɗayan biyu: ko yaron ba ya kwafar rubutun allo, ko malamin ba ya shiga aji, kuma kowanne daga ciki ya isa a je makaranta a yi tambaya cikin mutunci.

Lissafi shi ne inda ya kamata a fi daɗewa. A wannan zangon yara suna koyon karanta manyan lambobi, wato miliyan mai sifiri 6, biliyan mai sifiri 9 da tiriliyan mai sifiri 12, sannan su shiga ɓangarorin lamba irin su rabi da sulusi da rubu'i. Yaro ɗan birnin Kano ya riga ya san waɗannan abubuwa a aikace, abin da ya rage kawai shi ne a nuna masa cewa su ne ake rubutawa a allo. Idan mahaifinsa yana Kantin Kwari, ya ɗauko turmin atamfa mai yadi 6 ya tambaye shi rabinsa da sulusinsa, sannan ya sa shi ya rubuta amsar da alƙalami. Idan uwa tana auna shinkafa, ta tambaye shi abin da rabin tiya da rubu'in tiya za su bayar idan aka haɗa su. Haka ma abin da malaminsa zai kira HCF, wato lamba mafi girma da za ta raba lambobi biyu ba tare da saura ba: a ba shi dabino 12 da goriba 18, a ce ya raba su kashi-kashi daidai wa daida ba tare da saura ba, kuma ya nemo kashi mafi yawa da za a iya samu. Idan ya kai ga 6 da hannunsa, ya fahimci abin da wani zai haddace ya manta. Kafin wannan duka, a tabbatar ya iya jadawalin ninkawa daga 2 zuwa 12 ba tare da ƙirga yatsu ba, domin yaron da wannan ya gagara zai sha wahala a kowane babi na gaba.

Turanci kuwa shi ne harshen da ake koyar da yawancin darussa da shi, saboda haka yaron da ke jin kunyar karatu a bayyane zai yi shiru a darasin kimiyya ma, inda ake fara bambance abubuwa masu rai da marasa rai da kuma tsaftar jiki da muhalli. Maganin wannan shi ne karatu da murya na minti 15 kullum a gaban yayansa ko wata yayarsa, sannan ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa.

Kada a raina darasin Hausa don ana jin harshen a gida. Iya magana daban, iya rubutu daban, kuma a nan ne zai koyi wasula biyar da baƙaƙe masu lanƙwasa, ya gane cewa ƙafa ba kafa ba ce, ɓari ba bari ba ne.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ya fi takura yaran birni, tunda da yawansu suna dawowa daga boko su wuce Islamiyya har zuwa yamma, wasu kuma su tsaya shagon iyayensu. Ku ware masa sa'a ɗaya tabbatacciya, ko bayan sallar Magariba ko bayan Asuba, a ajiye waya gefe, kuma a tanadi fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta. Ku tambaye shi ranakun gwaje-gwajen da ake yi a tsakiyar zango, domin makinsu yana shiga cikin sakamakon ƙarshe, sannan ku je ku gaisa da malamin ajinsa tun kafin hunturu ya shigo, ku karɓi lambar wayarsa.