Yanda ɗalibi zai kula da ci da motsa jiki ba tare da tsoron cuta ya zame masa wata cutar ba

Tun lokacin korona akwai ɗaliban da basu dawo daidai ba a harkar abinci, kuma abun da yasa ba'a saurin ganewa shine daga waje kamar abun yabo ne. Yaro ya daina shan lemon kwalba, ya daina cin soyayye, kullum bayan asuba yana filin ƙwallo yana zagaye, kowa sai cewa yake kai wane ya iya kula da kansa. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a Najeriya, ga yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, da ya kai har Disamba, wata tara ana zaune a gida ba lakca ba komai sai waya, kuma me ke yawo a WhatsApp lokacin in ba citta da tafarnuwa da lemon tsami da ruwan zafi ba, wai duk suna kashe cutar. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗa tun lokacin cewa tafarnuwa abinci ce mai kyau amma babu hujjar tana kare mutum daga korona, wa ya saurara? A Mayun 2023 hukumar ta ce cutar ta daina zama abun gaggawa na duniya, amma wasu tsoron bai sake su ba, kawai ya koma kan abun da zasu saka a baki.

Toh farko dai ka gane a ina kake. Wani likita ɗan Amurka, Steven Bratman, shi ya raɗa wa abun suna otoreksiya a 1997, wato mutum ya ƙwallafa rai akan cin abinci mai tsafta da lafiya har abun ya dawo yana cutar dashi. Gwajin mai sauƙi ne, ba sai ka je asibiti ba. Abokan ɗakinka sun haɗa kuɗi sun dafa garau-garau da mai da yaji, an zuba a faranti ɗaya kowa ya sa cokali, kai me kake ji a ranka? In ka ce yau bana sha'awa, shikenan ba matsala. Amma in gabanka faɗuwa yake, kana lissafin man da aka zuba, ko ka ci cokali biyar sannan ka kwana kana jin kamar ka aikata zunubi har washegari ka ƙara zagaye goma a fili don ka biya bashin, toh wannan ba kula da lafiya bane, tsoro ne yake juya ka. Haka in jerin abubuwan da ka haramta wa kanka kullum ƙaruwa yake, bara suga ne kawai, bana an ƙara biredi da shinkafa da madara da manja da duk abun da ba kai ka dafa da hannunka ba.

In ka ga kanka a nan, kar ka ce zaka rushe dokokin duka rana ɗaya, bazai yiwu ba. Ɗauki wanda yafi sauƙi a cikinsu, misali ƙosai, ka siyo da safe ka ci da koko a cikin mutane, ka zauna da wannan rashin jin daɗin da zai taso, kar ka tashi ka tafi gudu, kar ka tsallake abincin rana don ramuwa. Damuwar tana hawa sannan ta sauka da kanta, kuma duk lokacin da ka maimaita tana rage ƙarfi. Sati mai zuwa ka ɗauko wata dokar. Ni a ganina cin abinci tare da mutane shine rabin maganin, domin wannan abu a kaɗaici yake girma, mai shi kullum da ɗan kwanonsa shi kaɗai a lungun hostel.

Kuma fa abun da masana suke nema bashi da tsanani kamar yanda ƴan intanet suke nunawa. Kayan lambu da ƴaƴan itace kamar giram 400 a rana, gishiri kar ya wuce giram 5, a rage suga. Kwaɗon zogale ko rama, wake, awara, ƙwai, gyaɗa, lemo ko mangwaro in lokacinsa ne, duk suna bakin get ɗin makaranta kuma aljihun ɗalibi zai iya. Tuwo da shinkafa ba abokan gaba bane, ƙwaƙwalwar da kake so ta haddace maka handawut da su take aiki. Maganar ƙarin garkuwar jiki da ake ta tallar ƙwayoyi da haɗe-haɗe kuwa, bitamin C in ya wuce miligiram 2000 a rana yana iya kawo gudawa da ciwon ciki, ga wasu ma har tsakuwar ƙoda. Mu da muka ga yanda aka kwasa da ruwan gishirin da aka ce yana kare mutum daga Ebola a 2014 har aka rasa rayuka, ya kamata ace mun daina yarda da duk saƙon da aka turo.

Sai motsa jiki. Ma'aunin baligi shine minti 150 zuwa 300 a sati na matsakaicin motsi irin tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 in mai ƙarfi ne kamar gudu, sai kwana biyu a sati na ƙarfafa tsoka. Wanda yake takawa daga hostel zuwa fakalti kullum ya dawo, wallahi ya ci kusan rabi bai sani ba. Ka ware ranar hutu a sati ka riƙe ta da gaske, in kana zazzaɓi ko ka ji ciwo a gwiwa ka zauna, lokacin jarabawa ka rage, in da azumi ne ka bari sai dab da shan ruwa ko bayan tarawi, ba da tsakar rana a zafin Afrilu ba. In ranar hutun ta zo ka kasa zama, jikinka na ƙaiƙayi kana jin kamar wani abu zai same ka, wannan ma alama ce. Ka koma wasan da ake yi da mutane, ƙwallo ko kwando ko tafiya da aboki kuna hira, ka ɗan ajiye agogon nan mai ƙirga taku.

Wayar ma sai an yi mata iyaka. Duk shafin da in ka gama kallo sai ka ji tsoron abincin gidanku ka daina bibiyarsa, labarin annoba kuma ka duba sau ɗaya daga NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, ka rufe, ba cikin dare kana kwance ba.

Akwai inda dabara ta ƙare sai likita. Ke ɗaliba, in kina ramewa da sauri, jiri na ɗibarki, gashi na zubewa, ko al'ada ta ɗauke wata uku babu ciki, ki je asibitin makaranta ki faɗi komai har da yanda kike cin abinci, kar ki ce maleriya ce kawai a baki magani ki dawo. Namiji ko mace, in bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura tana ciwo fitsari ya koma kalar baƙin shayi, wannan na gaggawa ne, ƙoda ce a cikin haɗari, a tafi a ranar. In kuma abokinka ne ka gani a haka, kar ka tsaya yi masa tsiya a gaban mutane ko ka ce ai gulma ce ta ƴan gayu, kuma ka daina yaba masa ramar. Ka same shi ku biyu ka ce na ga kwana biyu baka cin abinci tare da mu, lafiya dai? in ya yarda ka raka shi wajen likita ko ofishin masu bada shawara na makaranta, ka zauna a benci ka jira shi ya fito.