Yadda ake tsara ƙarin gini na zamani a majami'ar Yahudawa

Kafin ka ɗauki fensir, je ka zauna da rabbai, wato malamin majami'ar, da kwamitin gini. Tambayar farko: wane ɓangare suke bi? 'Yan Otodoks, masu riƙo da tsohuwar al'ada, suna raba maza da mata da shamaki ko bene, 'yan Rifom, masu sassauci, kuwa tare suke zama. Wannan kaɗai ya isa ya sauya maka ƙofofi da matakala.

Daga nan ka gano alƙibla. Birnin Ƙudus ake fuskanta, kuma a bangon nan ake ajiye naɗaɗɗun takardun Attaura. A Turai da Amurka galibi bangon gabas ne. Kada sabon gini ya toshe masa haske, kada ka jingina masa banɗaki.

Sai kalandar ibada, a nan aikin yake. Ranar Asabar jama'a ba su da yawa, amma a manyan ranakun idinsu, Rosh Hashana da Yom Kippur, wurin cika yake yi maƙil. Dabarar mai zanen gini Erich Mendelsohn a majami'ar B'nai Amoona ta St. Louis, wadda aka gama a 1950, har yau tana aiki: bango mai naɗewa tsakanin ɗakin addu'a da zauren taro, ranar idi a buɗe su zama ɗaya. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar kuma mai kiyaye addini ba ya taɓa makunnin lantarki. Saboda haka fitilu su bi agogo, lif ya riƙa tsayawa a kowane hawa da kansa. Fitilar nan mai kamawa idan ta ji motsi, manta da ita. Ka bar fili marar rufi don rumfar idin Sukkot. A kicin, nama da madara ba sa haɗuwa: wurin wanke-wanke biyu, tukwane kashi biyu.

Wajen kamanni, a ganina kwaikwayon tsohon gini asarar kuɗi ce. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ma cewa ta yi sabon aiki ya nuna zamaninsa. Haɗa tsohon ginin da sabon da siririn baranda na gilashi, sabon ya ɗan rusuna wa tsohon a tsayi. Idan ginin na tarihi ne, irin Bevis Marks ta Landan da aka buɗe a 1701, izinin hukuma ne kan gaba.

Tsaro kuma tun a takarda ake sa shi. A Halle ta Jamus, ranar 9 ga Oktoba 2019, ƙofar katako mai ƙwari ce ta hana ɗan bindiga shiga majami'a. Ka yi mashiga guda, da soro mai ƙofa biyu inda mai gadi zai ga baƙo kafin ya buɗe ta ciki.