Kurakuran da aka fi yi a gwajin feromon na yis

Na gaji da ganin ƙannenmu ɗalibai a nan Jidda suna kawo mini faranti su ce, "Yaya, feromon ɗin ya lalace." Feromon dai sinadari ne da ƙwayoyin yis ke kiran juna da shi don su haɗu, kuma sau tari lafiyarsa ƙalau.

Yis ɗin burodi, Saccharomyces cerevisiae, jinsi biyu gare shi: a da alfa. A fatar ƙwayar a akwai mai karɓar saƙo, Ste2, da shi take jin feromon na alfa, wanda ɗan guntun furotin ne mai amino asid 13 kacal. Ita ƙwayar alfa Ste3 gare ta, kiran a kaɗai take ji. To ka ɗiga feromon na alfa a kan ƙwayar alfa, me kake jira?

Wanda ya fi ci mini rai ni na tafka shi. Ina koyo, irin da muke ajiye da shi ya mutu, sai na shiga bakala na sayo yis na leda, na ce ai duk yis ne. Mako shida ina fama! Kwalbar feromon da muka yi wata biyu muna jiran isowarta ta ƙare tas. Kullum na leƙa madubin, ƙwayoyi na ta tsiro abinsu, ko ɗaya ba ta tsaya ta miƙa wuya wajen saƙon ba. Ashe yis na kasuwa ya riga ya yi aure: a da alfa sun haɗe a ƙwaya ɗaya, kuma da sun haɗe sai ta bar yin Ste2 da Ste3. Kurma nake ta kira. Yanzu ba na buɗe kwalba sai na haɗa irin da wani wanda na san jinsinsa, na tabbatar.

Kuma don Allah ku daina lafta ƙwayoyi a faranti kamar man shanu a burodi. Ƙwayar a tana fitar da Bar1, mai daddatse feromon. In suka yi yawa, filin da ya kamata ya buɗe kewaye da ɗigon feromon, inda yake hana ƙwayoyi tsiro, sai ya tsuke. Ni nakan shimfiɗa siriri, ko in nemi irin da aka cire wa Bar1.

A jarrabawa kada ka rubuta cewa Gpa1, furotin ɗin da ke haɗe da Ste2 ta cikin ƙwayar, shi ke kai saƙo ciki. Abokan haɗinsa, Ste4 da Ste18, su ke kaiwa, bayan ya sake su.

Digiri 30 yis ke so. In za ka sallar Azahar da rani, kada ka bar farantin a mota.