Kurakuran Ɗalibai Wajen Neman Gurbin Koyon Aiki a Hukumar Sararin Samaniya

Da zarar lokacin IT, wato koyon aiki a ma'aikata da ɗalibai ke yi a tsakiyar karatu, ya matso, sai ɗalibai su riƙa yi mini sallama da tambaya ɗaya: "Malam, yaya ake samun NASA?" Tambayar tana faranta mini rai, domin yaron da ya ɗaga kai ya dubi sama har ya yi kwaɗayin aiki a fannin ba abin rainawa ba ne. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu ƙofar da ke kulle suke ta bugawa, ga kuma wata a buɗe kusa da su.

Babban shirin koyon aiki na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, na 'yan ƙasar Amurka ne. Akwai wani ƙaramin shiri na baƙi, amma ta hannun ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya da hukumar ake shigarsa, ba ɗalibi ne zai aika takarda shi kaɗai ba. Kuma NASA ba ta sayar da fom. Wata ɗaliba ta taɓa miƙo mini wayarta, hannu na rawa, ga saƙon WhatsApp da tambarin hukumar raɗau, wai an ɗauke ta, saura kuɗin rajista. Ta riga ta tura kuɗin, na abincinta ne na wata guda. Duk sanarwar da ba ka gani da idonka a shafin da ya ƙare da nasa.gov ba, ka bar ta.

Najeriya tana da tata hukumar, NASRDA, wadda aka kafa a 1999. A nan ma akwai kuskure: kowa sai ya nufi hedikwata a Abuja, takardu su taru a wuri ɗaya. Alhali hukumar tana da cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam a Jos, da cibiyar awon doron ƙasa da motsinta a Toro ta jihar Bauchi, da ta binciken yanayin iska a Anyigba, da ta ilimin taurari a Nsukka, da ta roka a Epe. Ka duba wadda ta dace da karatunka, ka rubuta mata kai tsaye. Ɗan Bauchi ko Filato ma ya huta da tsadar haya a Abuja, wadda ita ce ke korar ɗalibai da yawa tun kafin wata shidan IT ɗin ya cika.

Wasu kuma ba sa nema sam, a zatonsu sai mai karanta injiniya ko fiziks. Tauraron ɗan'adam na NigeriaSat-1 an harba shi ne a 2003 don ɗaukar hoton ƙasa, haka NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X na 2011. Hotunan nan sai an sami mai fassara su: ina daji ya ragu, ina ruwa ya ci gona. Aikin ɗan jogirafi ne, da mai karanta safiyo, da aikin gona, da kwamfuta.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne zuwa hannu rabbana. Wasiƙa ce kawai, "tun ina ƙarami nake son taurari", kuma irinta ce kowa ya rubuta. Manhajar haɗa taswira ta QGIS kyauta ce, hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat da na Sentinel-2 su ma kyauta ake sauke su. Na ga yaron da ya ɗauko hoton Maiduguri kafin madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, da wani bayan ambaliyar, ya shafa shuɗi a unguwannin da ruwa ya shiga, ya buga a takarda biyu ya maƙala a bayan wasiƙarsa. Taswirar ba ta rasa gyara ba, ko ma'aunin nisa bai sa ba. Amma duk wanda ya riƙe ta ya san yaron nan zai iya zama gaban kwamfuta a ba shi aiki. Mako uku ya ɗauka yana koyo, da kwamfutar aro.

Sai makara. Ka karɓi wasiƙar ofishin SIWES, mai kula da IT a makarantarku, da wuri, ka kai ta watanni kafin a fara, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, sannan ka koma bibiya cikin ladabi. In an ɗauke ka, kada ka tara littafin rahoto sai ƙarshe ka cike shi a dare ɗaya.

Aikin sa kai kuwa, ana raina shi don ba a biya, alhali ta nan ne NASA ke buɗe wa kowa. Gasar Space Apps ta NASA, da aka fara a 2012, ana yin ta kowace shekara, ana kuma iya shiga ta intanet. Shirin IASC yana bai wa ƙungiyoyin ɗalibai hotunan na'urar hangen nesa ta Pan-STARRS da ke Hawai su nemo duwatsun sararin samaniya. Daga 4 zuwa 10 ga Oktoba kuma Makon Sararin Samaniya na Duniya ne, kana iya neman izinin shugaban sakandaren unguwarku ka yi wa yara bayanin kusufi da fitila da lemo biyu. Sai dai kada tara satifiket ya zama shi ne burin. Ka ajiye abin da ka yi da hannunka, taswira ko lambobin manhaja ko rahoto, domin shi za ka maƙala a wasiƙar baɗi.